Ƙwaƙwalwa Biyu, Babu Fuska

Kafin in fara, ina roƙonku kada ku yi saurin yanke mini hukunci. Akwai wani wuri a cikin abin da zan ba ku yau wanda ni kaina ba na son tunawa da shi, amma na yi wa kaina alkawarin ba zan goge komai ba, ko da zai sa ku ji haushina.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, shekarata talatin da ɗaya, kuma aikina leƙen ƙwaƙwalwar yara. A gidanmu Dakta ake ce mini, amma da wata irin murya, domin kowa ya san ko allura ban iya yi ba. Digirina na bincike ne. Shekara bakwai ke nan ina bin wasu yara tun suna ƙanana, duk shekara in ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, in ga yadda take canzawa lokacin da yaro yake koyon karatu, da lokacin da yake koyon danne zuciyarsa, ya ga abu yana so ya hana hannunsa kai wa. Umma ta taƙaita wannan duka a magana ɗaya da take faɗa wa duk baƙon da ya tambaya: kan 'ya'yan mutane nake dubawa, nawa kuwa shiru.

To, shirun ya kusa ƙarewa, domin ranar Asabar manyan Bahago za su zo wurin Kawu. Bahago zanen gine-gine yake yi. Sunan ni na raɗa masa tun ranar da na ga yana rubuta mini lambar wayarsa da hagu, ya karkace takardar kamar mai ɓoye amsa a jarrabawa. Mutum ne marar hayaniya, siriri, mai ƙaramin kai, har hularsa daidai kaina take, na taɓa gwadawa a motarsa. Shi ne namiji na farko da na yi wa bayanin aikina bai duba agogo ba.

A wurin aikinmu muna da wata ƙa'ida. Duk lokacin da aka canza tsarin ɗaukar hoto, babba ne yake fara shiga na'ura kafin a saka ɗan kowa. Na'urar wani ƙaton maganaɗisu ne mai rami a tsakiya, a kwantar da mutum a kan siririn gado a tura shi ciki, ta yi ta ƙara kamar ana dukan tukunya da ludayi a bakin kunnenka. Yara muna ce musu jirgi ne. Mako uku da suka wuce muka buƙaci manya biyu don irin wannan gwaji. Ni ce ɗaya, ɗayar kuma ta bugo da safe ta ce tana zargin tana da ciki, ba za ta shiga ba. Bahago dama ya daɗe yana damuna yana son ganin jirgin nan, sai na tura masa saƙo na ce idan da gaske yake, yau ce ranarsa.

Ranar na yi rawar kai, ba zan ɓoye muku ba. Riga uku na saka na cire, kafin na tsaya a kan doguwa mai ruwan toka wadda ba ta da zif ko maɓallin ƙarfe. Garin saurin goge mayafin da zai shiga da ita na kai hannun dama na kama dutsen guga ta inda ba a kamawa, yatsu biyu suka tashi nan take. Yaya tana naɗa mini filasta tana dariya, wai shekara talatin ba ta taɓa ganin na goge kaya don zuwa aiki ba. Yaya ce babbarmu, gidanta yana bayan namu, amma rabin rayuwarta a falon Umma take yi. Na fesa turare har sau biyu, na fita ina jin tana gaya wa Umma cewa Dakta ta kamu.

Mai kula da na'urar wani dattijo ne da muke kira Malam Ba-Ƙarfe, saboda ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya tambaye ka ko akwai ƙarfe a jikinka. Ya tsare Bahago a bakin ƙofa ya raba shi da makulli, da agogo, da bel, da fensirin da yake maƙalewa a bayan kunne. Ni ma ya sa na cire 'yan kunne da fil ɗin ɗankwali, kamar ranar na fara zuwa. Aikin da ake yi a ciki wasan yara ne. Ana sa maka abin kunne kana sauraron labari, a ƙarƙashin hannunka akwai ƙaramin akwati mai maɓalli, duk inda ka ji sunan dabba ka danna, idan tsuntsu ne ka riƙe hannunka. Muna tafiya a baranda na karanta wa Bahago jawabin nan da nake yi wa yara, wanda na haddace har bakina yana yinsa ba tare da kunnena ya saurara ba. Ya shiga, ya fito yana murmushi, ya ce zomo ya yaudare shi sau biyu. Ni ma na shiga, na fito. Malam ya duba ya ce hoto ya fito tas, ba wanda ya motsa kai. Muka tafi shan shayi, na manta da zancen.

Yanzu ku saurara da kyau, domin a nan kuskurenmu yake. Don kare sirrin yara, duk hoton da ya fito daga na'ura yana bi ta wata manhaja. Tana goge suna, da shekaru, da jinsi, da ranar da aka ɗauka har da lokacin, sannan ta aske fuskar gaba ɗaya daga hoton, ba hanci ba leɓe, ta bar ƙwaƙwalwa kawai da wata lamba da ta ga dama. Lambar kowane yaro tana cikin rajista a kulle a ofishin Farfesa, shugabarmu. Amma gwajin manya ba ma rubuta shi a rajista. Mu ne da kanmu, wa zai nema? Ita kuma na'urar duk bayan mako biyu ake share cikinta don a sami wuri.

Ranar Alhamis da safe ina haɗa jawabin da zan gabatar a wani taro, sai na buƙaci hoton ƙwaƙwalwar babba guda ɗaya don in ajiye kusa da ta yaro. Na tuna da gwajinmu. Na buɗe fayil na farko ina kurɓar shayi, ina gangarawa daga saman kai zuwa ƙasa, yanka bayan yanka, kamar yadda na yi sau dubbai. Can ciki, ta baya, kusa da inda ruwan ƙwaƙwalwa yake bi, sai na ga wani abu zagayayye mai haske, bai kai ƙwan tattabara ba. Na wuce shi, na dawo. Na juya hoton ta gefe, yana nan. Na juya ta gaba, yana nan.

Gabana ya faɗi irin faɗuwar da ban taɓa ji ba. Ni ba likita ba ce, amma na ga ƙwaƙwalwa da yawa, na san abin da ya kamata ya kasance a wurin nan, kuma ba wannan ba ne. Na buɗe fayil na biyu, na bi shi tun daga sama har ƙasa sau uku. Lafiya lau, babu ko ɗigo. Na jingina da kujera na sauke numfashi, sai kuma numfashin ya tsaya a rabi. Fayil biyu ne a gabana, lamba biyu, babu suna, babu fuska. Ɗaya nawa ne, ɗaya na Bahago, kuma ban san wanne ne wanne ba.

Na ruga wurin Malam Ba-Ƙarfe. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce an share na'ura tun ranar Litinin ta wancan makon, lambobin kuma manhaja ce take bayarwa, shi bai taɓa kallonsu ba. Na koma na auna girman ƙwaƙwalen biyu, ko ta namiji za ta ɗan fi. Bambancin bai taka kara ya karya ba. A ranar na tsani ƙaramin kan nan da nake tsokana.

Ƙa'idarmu ita ce duk abin da ka gani wanda ba ka gane ba, kada ya kwana ba a kai wa likitan hoto ba. Farfesa da kanta ta riƙe hannuna muka sauka bene. Mace ce da ba ta da wasa, shekara bakwai ban taɓa jin ta tambayi lafiyar gidanmu ba, amma ranar ba ta saki hannuna ba har muka zauna. Likitan ya daɗe yana kallon allo, yana ƙara girman hoton yana ragewa. Ya ce wannan hoton bincike ne, ba na asibiti ba, ba zai iya rantsuwa a kansa ba. Yana iya zama abin da aka haifi mutum da shi, ya rayu ya tsufa bai sani ba. Yana kuma iya zama irin wanda ba a yi masa jinkiri.

"Ku biyun nake son gani ranar Litinin da safe," in ji shi. "Za mu sake ɗauka yadda ya kamata."

A kan bene Farfesa ta ce dole in gaya wa Bahago yau, haƙƙinsa ne. Na ce mata jibi manyansa za su zo gidanmu. Ta tsaya ta dube ni, na ga ta gane abin da ban faɗa ba. Ta ce ta ba ni zuwa gobe da yamma, idan ban gaya masa ba ita za ta kira shi.

Na isa gida da la'asar na tarar an juye falo. Umma ta sa an sauke labule an ɗaura sababbi masu ruwan zuma, an fito da kofunan nan masu bakin zinare da tun rasuwar Abba ba a taɓa su ba. A ɗakina Yaya ta shimfiɗa kaya kala uku a kan gado, kore mai ɗinkin hannu a wuya, da shuɗi mai duwatsu, da wani ruwan hoda da ta ce yana rage mini shekara biyar. Kowanne da mayafinsa da takalminsa a ƙasa, an jera kamar masu jiran a ɗauke su hoto. Ta ce in zaɓa, na ce duk wanda ta ga dama. Ta ce wannan ba amsar mai shirin aure ba ce, amsar mai zuwa ta'aziyya ce.

Wayata ta yi ƙara. Bahago ne.

"Baffana ya sa an wanke motarsa tun yau. Ina jin ya fi ni ɗoki."

Na tura masa fuskar dariya.

"Kin yi shiru yau. Yaran sun gajiyar da ke?"

"Kaina ne yake ɗan ciwo," na rubuta, sai na tsaya ina kallon abin da na rubuta, na goge. Na tura masa cewa aiki ne ya yi yawa.

Daga nan tsoro ya sa ni a gaba. Na zauna a bakin gado tsakanin kore da shuɗi ina tono duk abin da na sani. Bahago yana yawan murza idonsa na hagu. Ran nan ya manta inda ya ajiye mota, muka yi ta zagaye. Wata rana kofi ya suɓuce masa ba dalili. Na ce shi ne, wallahi shi ne. Sai kuma wata zuciyar ta ce, ke fa? Ciwon kan nan na safe da kike ɗora wa allon kwamfuta? Matakalar ofis da kika tsallake sau biyu a wata ɗaya? Na miƙe na tsaya da ƙafa ɗaya na rufe ido, na kai yatsa kan hancina, irin gwajin da nake sa yara su yi muna dariya. Yaya ta leƙo ta same ni a haka, ta ce da ma ta san karatun nan wata rana sai ya taɓa ni.

Na sami Umma a kicin tana goge kofunan ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki tsumma na tsaya kusa da ita, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ƙirƙiro wata abokiyar aiki. Na ce an kusa sa mata rana, sai aka gano wanda za ta aura yana da wani ciwo a kai, ba a san ƙarshensa ba. Na tambaye ta, idan ita ce uwar yarinyar, me za ta ce?

Umma ba ta ɗago ba. Shekara shida ta yi tana jinyar Abba, ita ce ɗagawa, ita ce kwantarwa, har bayanta ya ranƙwafa tun ba ta tsufa ba. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, don haka na ɗauka na san amsarta.

"Ni na yi, kuma ban yi nadama ba," ta ce. "Amma na yi ne bayan na ci shekara ashirin na daɗi. Ba zan miƙa 'yata ta fara aure daga bencin asibiti ba. Cewa zan yi a dakata."

Na ce to idan yarinyar ce mai ciwon fa?

Ta ajiye kofin a hankali. "Uwarsa ma uwa ce," ta ce.

Sannan ta juyo ta ƙare mini kallo, ta tambayi wace abokiyar aiki ce wannan da ba ta taɓa jin labarinta ba. Na ce sabuwa ce. Ta ce Allah ya ba su lafiya, ni kuma in je in zaɓi kaya, kada in ɗauko wa kaina damuwar mutane a makon farin cikina.

Washegari Juma'a na tashi ido a kumbure. Ina ɗaura ɗankwali saƙon Bahago ya shigo, hoto ne. Zanen gidan da yake cewa zai gina mana, ya ƙara wani ɗaki mai taga biyu, ya rubuta a ciki da ƙananan haruffa: ɗakin littattafan Dakta. A gefen hoton ga hannunsa riƙe da fensir. Na daɗe ina kallon hannun nan kafin abin ya faɗo mini. Hagu ne.

Ku bari in yi muku bayani a gajarce, don wannan shi ne abin da nake koya wa ɗalibai a makon farko. Na'urar ba siffar ƙwaƙwalwa kawai take ɗauka ba, tana kuma nuna wurin da yake aiki a lokacin da mutum yake yin wani abu. Kuma ƙwaƙwalwa a gicciye take da jiki. Idan ka motsa hannun dama, ɓangaren hagu ne yake aiki, idan ka motsa na hagu, ɓangaren dama ne. Mu biyun mun yi minti goma muna danna maɓalli a cikin na'ura. Manhaja ta goge suna ta aske fuska, amma ba ta goge wannan ba. Ni da dama nake komai, shi kuwa sunansa ma ya faɗa.

Ban karya ba na fita. Na riga kowa isa ofis, na kulle ƙofa, na ɗora lissafin a kan fayil ɗin biyu. Minti arba'in yake ɗauka. Na zauna ina kallon layin nan yana tafiya kamar ba ya so, na ɗaga hannu zan yi addu'a, sai na rasa me zan roƙa. In ce Allah ya sa ba ni ba ce? To wa nake miƙawa ke nan? In ce Allah ya sa ni ce? Bakina ya ƙi faɗa, domin ƙarya ce, kuma wanda nake roƙo ya sani. Na sauke hannuna na yi ta maimaita Allah ka sassauta, Allah ka sassauta.

Lissafi ya ƙare. Na fara buɗe mai lafiyar. Wurin hannu ya haska ja a ɓangaren hagu, wato mai wannan ƙwaƙwalwa da dama ya danna. Na buɗe ɗayan, mai ƙullin nan zagayayye. Ja a ɓangaren dama. Da hagu aka danna. Na duba alamar da take nuna hagu da dama a gefen allo har sau uku, don kada a ce hoton a juye yake. Ba a juye yake ba.

Ga wurin da na ce ba na son tunawa. Abin da na fara ji ba baƙin ciki ba ne. Daɗi na ji. Wani sanyi ya sauko mini tun daga wuya har tafin ƙafa, na ji bakina yana cewa alhamdulillahi. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba, amma ya faru, kuma ni ce na ji shi. Mutumin da ya zana mini ɗakin littattafai, na ga abu a cikin kansa na yi hamdala. Da na gane abin da na yi, sai na kifa kai a kan tebur na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da Abba.

Da kukan ya lafa sai na shiga gyara. Na yanke shawara ba zan bar shi ba, ko me likita zai ce ranar Litinin. Umma ba za ta ji komai ba sai bayan an gama magana, in ya so ta yi fushi ta huce. Zan nemo masa likitan da ya fi kowa, zan zauna a bencin nan da Umma take tsoro, shekara shida ko goma sha shida. Har jawabi na shirya, na yi ta maimaita shi a gaban madubin banɗaki. Zan ce masa kada ya ji tsoro, ina nan. Zan ce ba lafiyarsa na ce ina so ba, shi na ce ina so. Ina faɗa ina jin kaina wata babbar mace, kuma ina jin kunyar nan ta safe tana raguwa kaɗan-kaɗan. Na gaya wa Farfesa na gano, kuma yau zan faɗa masa. Ta buɗe baki kamar za ta yi tambaya, sai aka kira ta a waya, ni kuma ban jira ba.

Ƙarfe huɗu Bahago ya zo da motarsa ya tsaya a ƙarƙashin bishiyar da take bakin ƙofar ma'aikatarmu. Na shiga gaba na zauna. Farar riga ce a jikinsa, ya naɗe hannunta zuwa gwiwar hannu, fensir a bayan kunne, motar tana ƙamshin lemon da ya ɓare. Ya miƙo mini rabi, ya ɗauko zanen daga kujerar baya ya shimfiɗa a kan sitiyari, yana nuna mini inda rana za ta riƙa shigowa ɗakin littattafan da safe. Ina kallon gefen kansa, daidai bayan kunne, ina lissafin zurfin wurin. Ya murza idonsa na hagu.

Na ce masa akwai maganar da zan yi, game da ranar da ya shiga jirgi. Na ga ya kamata in fara da yadda aka yi na sani, don kada ya ce zato ne. Na yi masa bayanin fayil biyu marasa suna, ban ambaci ƙullin ba tukuna. Na ce na gano nasa ne ta hanyar hannu, tunda shi da hagu ya danna.

Ya yi dariya. "Da dama dai."

Na ce a'a, ya tuna da kyau.

"Da dama na danna, Dakta. Ke kika ce. Muna tafiya a baranda kika ce, a sa hannun dama a kan akwati, a bar na hagu ya yi barci. Har na so in ce miki ni fa nawa na daman ne mai barcin, sai na ga kin ɗaure fuska irin ta malamai, na ce bari in bi doka. Shi ya sa zomo ya yi ta cin nasara a kaina."

A sa hannun dama a kan akwati, a bar na hagu ya yi barci. Layi na huɗu ne a jawabina. Duk yaran bincikena da dama suke dannawa, ni na tsara haka da kaina shekara bakwai da suka wuce, kuma na faɗi layin nan sau ɗaruruwa har na daina jin sa.

Na ji muryata daga nesa tana cewa ba zai yiwu ba, ai ɗaya daga cikinmu da hagu ya danna.

"Ke ce mana," ya ce, yana naɗe zanen. "Ina tsaye bayan gilashi ina kallo. Kin ce filasta ta hana ki jin maɓallin, dattijon nan ya zagaya ya mayar miki da akwatin ɗaya gefen. Har na ce a raina, yau mun yi musanya, ni na zama na dama, ke kin zama bahaguwa."

Na sunkuyar da kai na dubi hannuna a kan cinyata. Yatsu biyu, manuni da na tsakiya, sabuwar fata ta fito a kansu, ta fi sauran haske. Mako uku ina ganinsu kullum, da su na riƙe kofin Umma jiya, da su na danna lissafin yau da safe. Na sha tambayar kaina tun daga lokacin ko mantawa na yi da gaske, ko kuwa wani wuri a cikina ne ya ƙi tunawa. Ni da nake koyar da yadda ƙwaƙwalwa take aiki, har yau ban sani ba.

Ɓarin lemon ya faɗi daga hannuna ya gangara ƙarƙashin kujera. Jawabin nan da na shirya yana nan a bakina, kalma bayan kalma, kada ka ji tsoro, ina nan, ba lafiyarka na ce ina so ba. Duk ya zama ba nawa ba ne in faɗa. Nawa ne in jira in ji ko wani zai faɗa mini, kuma ban shirya wa wannan ba ko kaɗan. Wayata ta haska a cikin jaka, saƙon Yaya ne, wai Umma ta gaji da jirana ta zaɓi koren, in biya in karɓo mayafin daga wurin guga. Ban ga koren ba, fuskar Umma na gani tana ajiye kofi a hankali, tana cewa uwarsa ma uwa ce.

Bahago ya daina murmushi. Ya cire fensirin daga bayan kunne ya ajiye, abin da yake yi ke nan idan magana ta zama babba.

"Me kika gani a hoton?" ya ce. "Kuma a na wa?"

Ta gilashin gaba ina hango tagar ofishina a hawa na biyu, kwamfutar tana kunne, fayil ɗin biyu suna buɗe yadda na bar su. Zan iya cewa ba komai. Zan iya barin Asabar ta wuce, a yi magana, a sa rana, Litinin ta zo da abin da za ta zo da shi. Da safe na shirya ɓoye wa uwata ciwonsa ina ganin jarumta ce. Yanzu da aka juya, na ga sunan abin na gaskiya.

Na buɗe ƙofar motar.

"Kira Baffanka ka ce kada ya ƙara wanke motar tukuna," na ce masa. "Ka taso mu hau sama. Zan nuna maka cikin kaina, sannan ka gaya mini ko har yanzu za su zo gobe."